Agarata ta daina ciwo, zan iya gudun fanfalakin Legas?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaci ne a Kano, shekaruna sun doshi arba'in. Na daɗe ina gudu bayan sallar asuba, har na kai ina cinye kilomita 15 ban tsaya ba. Sai agarar ƙafata ta dama ta soma ciwo, musamman in na sauko daga gado da safe. Na yi ta shan maganin kashe ciwo ina ci gaba da gudu, har ta kai ni ga ɗingishi. Wata huɗu ke nan ban yi gudu ba, kuma ciwon ya lafa. Burina in shiga gudun fanfalaki na Legas a watan Fabrairu, saura wata biyar. Zai yiwu? Sannan ni kaɗai nake guduna. Tun da na daina nake jin kamar an raba ni da wani abu, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa ya gane. Ina ake samun abokan gudu, kuma mai jinya irina zai iya bin su?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara sauƙi. Bari in fara da abin da ba za ka so ji ba: kilomita 42 da mita 195 na fanfalaki a cikin wata biyar, daga inda kake yanzu, ban ba ka shawarar sa ba. Amma Legas ɗin kana iya zuwa. Gasar, wadda aka fara a 2016, tana da rukunin kilomita 10, kuma shi ne daidai da kai a wannan karon. Babban gudun ka ajiye shi sai karo na gaba in Allah ya kai mu.

Dalilina shi ne lafawar ciwo daban, warkewa daban. Agara ta yi shiru ne saboda wata huɗu ba a tambaye ta komai ba. A cikin wannan zaman kuwa ƙarfinta raguwa ya yi, haka ma naman sha-raɓar da ke jan ta. Ranar da ka koma titi za ka koma ne da agarar da ta fi ta da rauni, sai dai ba ta ƙorafi. Abin da ke yaudarar masu gudu a nan shi ne numfashi. Zuciya da huhu suna dawowa da wuri, cikin 'yan makonni sai ka ji ƙirjinka wasai, kana ganin za ka iya ninka abin da ka yi jiya. Jijiya da ƙashi kuwa watanni suke ɗauka kafin su saba da sabon nauyi. Galibin waɗanda nake gani sun dawo da ciwo karo na biyu, a wannan tazarar suka faɗa: ƙirji ya ce a ƙara, suka ƙara, ƙafa ba ta shirya ba.

Ka yi lissafin da kanka. Gina ƙarfin agara yana cin kusan mako 12. Komawa gudu sannu a hankali, ana haɗa shi da tafiya, wasu mako shida zuwa takwas ne, ko da yake yana iya shiga cikin ƙarshen na farkon. Shirin fanfalaki kansa mako 16 zuwa 20 ne, kuma an tsara shi ne don wanda ya riga ya saba da gudu a kai a kai ba tare da ciwo ba. Wata biyar ba za su ɗauki wannan duka ba.

Kafin komai, a duba ƙafar. Ban gan ka ba, kuma abin da ka bayyana ya yi kama da gajiyar agara da ke zuwa daga yawan aiki, amma hannu da ido ne ke tabbatarwa. Ka je sashen gashin ƙashi, a Asibitin Ƙashi na Dala ko wani babban asibitin da ke kusa da kai. Akwai alamu biyu da ba a jira da su. Idan ka taɓa jin ƙas a bayan ƙafa kamar an jefe ka da dutse, sannan ka kasa ɗagawa a kan yatsu, wannan tsinkewa ce, asibiti ake nufa a ranar, ba wurin mai ɗori ba. Idan kuma ciwon yana kan ƙashi ne a wuri ɗaya da za ka iya nunawa da yatsa, yana ƙaruwa da gudu, har yana damunka da dare, to ana zargin tsagewar ƙashi, wadda sau da yawa hoton farko ba ya nunawa a makonnin farko.

Maganin agara aiki ne, aikin da aka auna. Wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Alfredson, ya wallafa a 1998 hanyar da har yau ake gini a kanta. Mutum ya tsaya a bakin matakala da gaban tafin ƙafa, ya ɗaga da ƙafafu biyu, sannan ya sauke diddigen mai ciwon shi kaɗai a hankali. Sau 15, zagaye uku, da gwiwa a miƙe, sannan a maimaita da gwiwa a ɗan lanƙwashe, safe da yamma, na mako 12. Yana da yawa, kuma ba dole ka fara da cikakken adadin ba. Ka soma da ƙafa biyu a kan daɓe, ka koma ƙafa ɗaya, daga baya ka goya jaka da 'yan littattafai a ciki don ƙarin nauyi. Sharaɗi ɗaya: idan ciwon naka a daidai inda agara ta manne da ƙashin diddige yake, kada ka bar diddigen ya sauka ƙasa da matakala, ka yi a kan shimfiɗaɗɗen wuri. Saukarwa can ƙasa tana matse wurin ne ta ƙara fusata shi.

Za ka ji ɗan ciwo yayin wannan atisaye, kuma ba laifi ba ne. Ka auna shi daga sifili zuwa goma. Uku, ko huɗu, ana iya zama da shi. Alƙalin gaskiya shi ne takun farko na washegari da safe. In ka sauko daga gado ka ji ƙafar kamar jiya ko ta fi sauƙi, to abin da ka yi ya yi daidai. In ta fi sanƙarewa, ka wuce gona da iri, sai ka rage, ba ka daina gaba ɗaya ba. Ka riƙa rubuta wannan a ɗan littafi, don ƙwaƙwalwar mai son gudu tana yawan yi masa sassauci.

Wannan awon ne maganin kashe ciwo yake lalatawa, shi ya sa abin da ka faɗa game da shi ya dame ni. Wanda ya sha diclofenac ko ibuprofen ya fita gudu ya toshe bakin mai yi masa gargaɗi ne, kuma a zafi irin namu, ga gumi ga ƙarancin ruwa, waɗannan magunguna suna iya taɓa ƙoda. Tiramol kuwa kada ma a kawo zancensa. Akwai wani abin da mutane da yawa ba su sani ba: ciprofloxacin da danginsa, wanda ake saya a kemis da zarar an ce taifot, an san yana raunana jijiyoyi, musamman agara, har ta kai ga tsinkewa. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta sa gargaɗi mai ƙarfi a kan haka tun 2008. Idan ka sha shi gab da fara ciwon, ka gaya wa likitanka, kuma nan gaba duk wanda zai rubuta maka magani ka sanar da shi kana da tarihin ciwon agara. Haka nan kada ka yarda a yi maka allurar kashe kumburi a cikin agarar kanta.

Yaushe za ka taka da gudu? Sai ka iya tafiya da sauri ta minti 30 ba ciwo, ka iya ɗagawa a kan yatsun ƙafar mai ciwon ita kaɗai kamar sau 20, ka kuma yi 'yan tsalle-tsalle a kanta ba ta yi magana ba. Daga nan sai sassarfa ta minti ɗaya, tafiya ta minti biyu, a maimaita har minti 20 zuwa 25, yau a yi gobe a huta. Duk mako ana tsawaita sassarfar ana gajarta tafiyar, har ka kai minti 30 a jere. Abu ɗaya ake ƙarawa a lokaci guda, kuma nisa ne ke fara zuwa. Sauri da hawan tudu su ne na ƙarshe, domin su suka fi jan agara. Ka guji yashi mai zurfi. Takalmi kuma, in na gwanjo za ka saya a Ƙofar Wambai, ka matsa soson ƙasan da babban yatsa ka duba ko ya mutu ko ya karkace gefe guda, don samansa na iya zama kamar sabo alhali wani ya riga ya cinye ƙarfinsa. A wannan matakin, mai ɗan tudun diddige ya fi maka shafaffe.

Yanzu ga rabin tambayarka na biyu, wanda a wurina bai gaza na farkon muhimmanci ba. Kewar da kake ji gaskiya ce, kuma ba rauni ba ne. Mutumin da ya saba buɗe ranarsa da gudu, in aka ɗauke masa, barcinsa da walwalarsa duk sukan taɓu, na gida kuma sai su ce ai hutu ka samu. Wanda ya taɓa zama a benci ne kaɗai yake gane wannan, kuma irinsu suna nan cikin masu gudu, don da wuya ka sami wanda ya daɗe a harkar bai taɓa jinya ba.

Gudun nisa a idon mai kallo aikin mutum ɗaya ne, amma manyansa ba su kaɗai suke yin sa ba. Eliud Kipchoge na Kenya, wanda ya kammala nisan fanfalaki cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 a birnin Biyana na Ostiriya a 2019, masu gudu 41 ne suka yi ta karɓa-karɓa suna daidaita masa taki a ranar. Atisayensa na yau da kullum ma a sansanin Kaptagat yake yi cikin ayari, ƙarƙashin kocinsa Patrick Sang, kuma mafi yawan gudun nasu mai sauƙi ne. A nan gida, 'yan Filato, musamman na wajen Fankshin da Jos, su ne suka fi yin fice cikin 'yan Najeriya a tseren nisa. Tsaunuka da sanyin ƙasar sun taimaka, amma akwai kuma cewa yaro yana tasowa ya tarar da na gaba da shi suna gudu, ya bi sahu.

A Kano ba sai ka yi dogon cigiya ba. Ka je inda ake motsa jiki da sassafe ranar Asabar ko Lahadi, irin su filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, filin sukuwa, ko harabar jami'a. Ka je tun yanzu, tun kana matakin tafiya, kada ka jira sai ka warke. Ka yi sallama, ka yi zagayenka, ka dawo mako mai zuwa a daidai wannan lokacin. Fuskar da aka saba gani ita ake tambaya in ba a gan ta ba, kuma daga nan ake saka mutum a zauren WhatsApp. Ka faɗi gaskiyar halinka tun farko, cewa daga jinya kake. Za ka yi mamakin yawan waɗanda za su ce su ma sun sha.

Sai dai a nan nake so ka buɗe ido sosai, domin ayari yana warkarwa, yana kuma karyawa. Babban haɗarin mai dawowa daga ciwo shi ne kunya. An ɗaga ƙafa, matasa sun wuce, kai kuma ba ka so a ce dattijo ya gaza, sai ka bi. Wanda ya daka ta wani kuwa, zai rasa turmin daka tasa. Don haka ka lura da ayarin kafin ka ba shi amanar ƙafarka. Shin suna jiran na baya? Akwai wanda ke komawa ya raka shi? In mutum ya ce yau tafiya zai yi, ana yi masa dariya ko ana ce masa sannu? Ayarin da kowace fita tsere ce, ko wanda ake ce wa mai ciwo ya daure shi namiji ne, ba naka ba ne a yanzu, komai kirkin mutanensa. Haka ma manhajoji irin su Strava, inda kowa ke baje saurinsa: suna da amfani wajen ajiye lissafi, amma kada lambobin wani su zaɓa maka taki.

Abin da ya fi maka alheri shi ne abokin gudu ɗaya ko biyu da saurinku ya zo ɗaya, ko wanda ya ɗan fi ka nawa. Ma'aunin saurin da ya dace shi ne hira: in kuna gudu kuna magana da cikakkun jimloli ba haki, kuna kan daidai. Ka gaya masa shirinka na ranar kafin ku tashi, ka ba shi izinin ya tsayar da kai in ka zarce. Ranar da ƙafa ta ce a'a, ka je duk da haka, ka riƙe musu ruwa ko agogo, ko ka bi su a keke. Keke da ninƙaya ma suna riƙe maka numfashi ba tare da sun wahalar da agara ba. In ka duba ba ka sami ayarin da ya dace ba, mutum uku daga masallacinku ko ofishinku da suka yarda su haɗu bayan asuba sau biyu a mako sun isa a fara.

Game da lokaci, shirinka zai ratsa hunturu. Agara ba ta son sanyin asuba, saboda haka ka yi tafiya ta minti goma kafin ka fara sassarfa, kuma ranar da hazo ya yi kauri ka rage ko ka ɗaga. Kada ka taɓa gudu da zazzaɓi a jikinka. Idan azumi ya shigo cikin shirin, ka mayar da gudun bayan buɗa-baki ko bayan tarawihi, ka rage nisa, ka ci gaba da atisayen ƙarfi. Ka kuma sani iskar Legas mai laima ce, gumi ba ya bushewa kamar a Kano, don haka saurin da ka saba da shi a gida zai fi yi maka nauyi a can, sai ka fara a hankali fiye da yadda kake jin za ka iya.

In kilomita 10 na Fabrairu ya tafi lafiya, akwai tseren Okpekpe na jihar Edo da ake yi a watan Mayu, shi ma kilomita 10 ne, sai dai yana da tudu, don haka sai agara ta nuna ta amince da hawa. Bayan nan ka nemi rabin fanfalaki, kilomita 21, wajen ƙarshen shekara, sannan ka shiga shirin babban. Ɗaga diddigen nan kuma ba a ajiye shi don ciwo ya tafi, sau biyu ko uku a mako zai ci gaba da zama cikin tsarinka. Idan ka yi mako shida zuwa takwas kana atisayen yadda ya kamata amma takun safe bai sauya ba, ko wurin ya kumbura, ka koma wurin likitan gashin ƙashi a sake dubawa kafin ka ƙara ko da minti ɗaya na gudu.