Amsa: Muryar rediyo a cikin amfilifayar jita

Malam, ka ce idan ka taka fedal (ƙaramin akwatin da ke sauya sautin jitar lantarki) sai ka ji gidan rediyo yana magana cikin sifika. Ni ma abin ya dame ni a Agege, har na kusa sayar da amfilifayar.

Fara da igiyar jita. Idan doguwa ce kuma rufinta na ciki ba shi da kyau, eriya ta zama, fedal mai ƙara ƙarfi kamar fuzz kuma sai ya fito da abin da ta kwaso. Gwada gajera, mita 3 ta wadatar. In muryar ta ɗauke, ka gano ɓarawon.

In ba ta ɗauke ba, kai wa mai gyara ya sa ƙaramin kafasito (ɗan kayan lantarki da zai tace siginar rediyon), mai girman 100pF zuwa 470pF, daga mashigar fedal zuwa wayar ƙasa, wato "earth". Kada ya zarce haka, sautin jitar zai dushe. Ana samunsu a kasuwar Alaba da ke Legas. Ka kuma liƙa takardar jan ƙarfe cikin ramin da wayoyin jitar suke, a haɗa ta da wayar ƙasa.

Gurnanin da ake ji a sifika idan ana amfani da janareta kuwa wata matsala ce daban, wadda rashin wayar ƙasa a gida kan iya jawowa. Don Allah kada ka karya ƙafar filogi ta uku, ita ce ta wayar ƙasa, da ranka kake wasa.