Dalilin da ya sa ɗan sandan da zai iya kasawa ya fi kama zuciya

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa masu karanta labaran binciken laifi da dama suka fi son ɗan sandan ciki mai gajiya da tuntuɓe, a kan gwanin da zai kalli takalminka ya faɗa maka inda ka fito. Na daɗe ina karanta irin waɗannan littattafai, kuma a ganina fargaba ce sirrin. Gwani irin Sherlock Holmes, wanda Arthur Conan Doyle ya fito da shi a 1887, ba ka jin tsoron zai kasa. Ka san zai gano mai laifin, jira kawai kake ka ga ta wace hanya. Amma jami'in da zai iya shan kaye, kai ma hankalinka ba ya kwanciya sai ka kai shafin ƙarshe.

Dubi Martin Beck, wanda Maj Sjöwall da Per Wahlöö na Suwidin suka rubuta littattafai 10 a kansa daga 1965 zuwa 1975. A na farkon, Roseanna, an tsamo gawar wata mata daga ruwa, aka shafe watanni ko sunanta ba a sani ba. Beck ga ciwon ciki, ga gida babu daɗi, haka ya zauna da abokan aikinsa suna bin hotunan da fasinjojin wani jirgin ruwa suka ɗauka, ɗaya bayan ɗaya, ko za a hango fuskar wanda ya raka ta. Wannan jiran ne ya sa matar ta zama mutum a idona, na ji ciwon mutuwarta. Kurt Wallander na Henning Mankell, da ya fara fitowa a 1991, shi ma haka: matarsa ta bar shi, daga baya ciwon suga ya kama shi, kuma yakan bi hanyar da ba ta ɓulle ba.

Sai dai wasu marubutan sun ɗauka da zarar sun liƙa wa jarumi shan giya da mutuwar aure, shi ke nan ya zama na gaske. Wannan ba ya gamsar da ni ko kaɗan. Ni a cikin aikin nake neman gaskiyar: shaida ya canza magana, shugaba na matsa lamba, rahoto na jiran a rubuta, ga nauyin ƙwanƙwasa ƙofa a shaida wa uwa cewa ɗanta ya rasu.

In za ka fara, fara da Beck, kuma ka bi su a jere, domin mutanen ciki suna tsufa suna canzawa daga littafi zuwa littafi.