Ya aka yi wasu Yahudawa suka tsira daga hannun Nazi har suka kai Amurka?

Tambaya: Malam, ni dai abin da na sani shi ne duk Bayahuden da mutanen Hitler suka kama ɗakin gas ake kai shi. To su waɗannan da ake cewa sun tsira, ta ina suka bi?

Amsa: Ba kowa aka wuce da shi ɗakin gas kai tsaye ba ɗan'uwa, masu jini a jika akan ware su a sa su aikin tilas, kuma kar ka ɗauka tausayi ne, Yaƙin Duniya na Biyu ya cinye ma'aikata shi ya sa ake tatsar ƙarfinsu kafin yunwa da duka su gama da su. Bari in ba ka misalin mutum ɗaya, Tom Lantos.

A Budapest aka haife shi a 1928. Yana da shekara 16 sojojin Jamus suka mamaye Hungary a watan Maris 1944, daga Mayu zuwa Yuli aka loda Yahudawa sama da 430,000 a taragun jirgin ƙasa, galibi zuwa Auschwitz, sansanin kisa na Nazi a Poland. Shi kuwa aka tura shi Szob, arewa da Budapest, suna gyaran gadar dogo, jiragen ƙasashen ƙawance masu yaƙar Jamus su zo su yi mata luguden bam, su kuma a tasa ƙeyarsu su gyara, gobe a sake. Ya gudu aka kamo shi aka lakaɗa masa dukan kawo wuƙa, ya sake gudu, wannan karon ya sha.

Inda ya fake shi ne abin lura. Wani jami'in diflomasiyyar Sweden, Raoul Wallenberg, yana raba wa Yahudawa takardun kariya a Budapest, ya kama gidaje ya kafa musu tutar ƙasarsa, can Lantos ya samu gwaggonsa. Da yake gashinsa fari-fari ne idonsa shuɗi, 'yan daban Arrow Cross, jam'iyyar Hungary mai goyon bayan Nazi, ba sa yi masa kallon Bayahude, sai ya riƙa fita yana kai abinci da magani wasu maɓoya. Ka ga ke nan ba wai ya fi waɗanda suka mutu wayo ba ne, kamanni da kwana a gaba suka yi masa rana.

Sojojin Sobiyet sun kama birnin a farkon 1945, ya nemi mahaifiyarsa da sauran dangi, an riga an kashe su. To zaman me zai yi? A 1947 ƙungiyar ɗaliban Yahudawa ta Hillel ta ba shi sikolashif ya tafi Jami'ar Washington a Seattle, ya yi dakta a fannin tattalin arziki a Berkeley, a 1980 aka zaɓe shi majalisar wakilan Amurka daga Kalifoniya, yana kan kujerar har ya mutu a 2008. Ƙudurinsa ne ya sa Amurka ta ba Wallenberg takardar zama ɗan ƙasa ta girmamawa a 1981, shi Wallenberg ɗin tun Janairun 1945 Sobiyet suka tafi da shi bai dawo ba.