Tambaya da Amsa: Ƙaramar tashar Shikago da ta haifi MeTV, da asalin lambobi masu ɗigo

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne da ke karatu a birnin Shikago na ƙasar Amurka. Da na ga kuɗin kebul ya fi ƙarfin aljihuna, sai na sayi 'yar eriya ta cikin ɗaki na haɗa da talabijin, tashoshi da dama kuwa suka fito kyauta, sai dai lambobinsu na ɗauke da ɗigo, kamar 23.1 da 26.1 da 26.3. Na kuma lura cewa tashar MeTV, mai nuna tsofaffin shirye-shirye, tana fitowa a wuri biyu, wato 23.1 da 26.3, kuma maƙwabcina ya ce mini lamba 23 ƙaramar tasha ce mai ƙarancin ƙarfi. Ina roƙon Malam ya yi mini bayanin tarihin wannan tasha, da ma'anar ƙarancin ƙarfin, da dalilin ɗigon. Allah ya ƙara basira. Daga ɗalibinka, mai karatu a Shikago.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya ba da sa'ar karatu. Maƙwabcinka ya yi gaskiya. Tashar da ke lamba 23 ita ce WWME-CD, mallakar kamfanin Weigel Broadcasting, wanda kuma shi ne ke da babbar tashar WCIU ta lamba 26, kuma daga wannan dangantaka ta wa da ƙani za ka gane abin da ya sa MeTV ke fito maka sau biyu. Amma kafin mu kai ga nan, ya kamata a fara da asalin irin waɗannan tashoshi.

Tun daga shekarar 1956 hukumar sadarwa ta tarayyar Amurka, wato FCC, ta halatta kafa ƙananan na'urori da ke karɓar shirin babbar tasha su sake watsa shi ga garuruwan da duwatsu ko nisa suka hana su kamawa. Waɗannan na'urori ba su da izinin ƙirƙirar shiri nasu. Abin da aka ba su shi suke mayarwa. A shekarar 1982 ne hukumar ta kammala dokokin sabon rukuni, wanda ya ba ƙananan tashoshi damar yin shirye-shiryen kansu da karɓar talla, da nufin ƙauyuka da unguwannin birane da ƙananan al'ummomi su sami muryarsu a talabijin. Ta farko da ta fara aiki a wannan tsari ita ce K26AC a garin Bemidji na jihar Minesota, wadda John Boler ya buɗe a watan Disamba na 1981, tun kafin a kammala dokar. Masu neman lasisi suka yi tururuwa dubbai, har ta kai hukumar ta dakatar da karɓar takardu, daga baya ta koma raba lasisin ta hanyar ƙuri'a.

Ƙarancin ƙarfin da ake magana a kai abu ne da doka ta ƙayyade da lamba. A tsarin dijital na yanzu, ƙaramar tasha a zangon UHF, wato ɗaya daga cikin rukunonin zangon iska da ake watsa talabijin a kansu, ba ta wuce kilowat 15, alhali babbar tasha tana iya kaiwa kilowat 1,000. Sai dai ƙarfi ba shi kaɗai ke tantance nisan da hoto zai kai ba, domin tsayin wurin da aka kafa eriya yana da tasiri ƙwarai. WWME tana watsawa ne daga saman benen Willis Tower, wanda tsayinsa ya kai mita 442, a birnin da ƙasarsa shimfiɗaɗɗiya ce kuma jama'a suka yi cincirindo a cikinsa, saboda haka ƙarfin da a karkara ba zai wuce 'yan garuruwa ba, a Shikago yana isa gidajen miliyoyin mutane.

Rauni na gaske yana wurin matsayi ne a idon doka. Ƙaramar tasha tana zaune a zangonta ne kamar mai kasa kaya a bakin rumfar wani: ba ta da ikon dama wa babbar tasha hoto, dole ta haƙura idan babbar ce ta dama mata, kuma duk ranar da mai rumfa ya buƙaci wurin sai ta tattara ta nemi wani. Bayan haka, dokar da ta wajabta wa kamfanonin kebul ɗaukar tashoshin yankinsu ba ta shafi mafi yawan ƙananan tashoshi ba, abin da ya raba su da masu kallo da yawa a lokacin da kebul ya mamaye gidajen Amurka. A shekarar 1999 majalisar dokokin ƙasar ta ɗan share musu hawaye da wata doka da ta ƙirƙiro rukunin A, wanda ke ba tasha kariyar zangonta muddin tana watsa shiri aƙalla awa 18 a kullum, tana kuma nuna shirin da aka yi a yankinta na kimanin awa 3 a mako. Haruffan CD da ke ƙarshen sunan WWME suna nuna cewa tana cikin wannan rukuni kuma ta koma dijital.

Ita wannan tasha ta fara ne a shekarar 1987 da sunan W23AT, irin sunan da ake ba ƙananan tashoshi a wancan zamani, mai ɗauke da lambar zango a tsakiya. A 2001 ta koma WFBT-CA, tana sayar da lokaci ga masu shirye-shirye na al'ummomin baƙi mazauna Shikago, kowa ya biya kuɗin awarsa ya yi shirinsa da harshensa, ya kuma nemi tallarsa da kansa. Wannan sana'a gado ce a gidan, domin babbar yayarta WCIU, wadda ta fara aiki a 1964 a matsayin tashar UHF ta farko a Shikago, da irin wannan ciniki ta daɗe tana rayuwa kafin ta koma tashar nishaɗi ta Turanci a ƙarshen 1994.

A watan Janairun 2003 aka ware 'yan awanni na rana a lamba 23 don nuna tsofaffin wasannin kwaikwayo na talabijin, waɗanda aka yi daga shekarun 1950 zuwa na 1980, aka sa wa wannan kaso suna Me-TV. Neal Sabin, ɗaya daga cikin shugabannin kamfanin, shi ne aka sani da kawo dabarar. Lissafinsa mai sauƙi ne: tsofaffin shirye-shirye suna da arha wurin saye, manyan tashoshi sun yi watsi da su suna farautar matasa, ga kuma dattawa masu ɗimbin yawa a gida da rana waɗanda da waɗannan shirye-shirye suka tashi. Abin ya karɓu, aka riƙa ƙara masa lokaci, har ranar 1 ga Janairun 2005 tashar ta koma WWME-CA, ta zama MeTV dare da rana, shirye-shiryen al'ummomin baƙi kuma aka mayar da su wata ƙaramar tashar kamfanin a lamba 48. A 2008 ita ma lamba 48 ta bi sahu da sunan MeToo, kuma a shekarar ce MeTV ta isa birnin Milwaukee.

A ganina nan ne ainihin amfanin ƙaramar tasha ya bayyana. Babu mai babbar tasha da zai sadaukar da yininsa gaba ɗaya ga shirye-shiryen da suka shekara talatin ko arba'in don gwaji, saboda asarar za ta yi yawa idan abin bai yi ba. Lamba 23 kuwa ba ta da wani abin kirki da za ta rasa, shi ya sa ta zama wurin gwaji, kuma ta yi shekaru tana koya wa kamfanin wane shiri ne ke riƙe mai kallo, a wane lokaci, kuma wane mai talla ne zai biya.

Sai mu zo kan ɗigo. A tsohon tsarin analog, zango ɗaya mai faɗin megahaz 6 hoto ɗaya kacal yake ɗauka. Da aka koma dijital, wannan zangon ya zama yana ɗaukar bayanai kimanin megabit 19.39 a kowace daƙiƙa, kuma mai tasha yana da 'yancin rarraba su yadda ya ga dama: ya ba hoto ɗaya mai tsananin kyau kaso mafi tsoka, sauran kuma ya yanka wa wasu hotuna masu matsakaicin kyau, kowanne da megabit biyu ko uku. Waɗannan su ne rassan tasha, kuma lambar da ke bayan ɗigo ita ce ke bambanta reshe da reshe. Idan aka cika yanka, hoto yakan riƙa farfashewa lokacin da abubuwa ke motsi da sauri, kuma za ka iya ganin haka da idonka a wasu rassan. Ita kanta lambar da ke gaban ɗigon suna ce kawai da tashar ke aikawa talabijin ya nuna, don kada masu kallo su ruɗe. Zangon da ake watsawa a kai sau da yawa daban yake da lambar da kake gani.

Manyan tashoshin Amurka sun kashe analog ranar 12 ga Yunin 2009, sai ga ɗaruruwansu da rassa a hannu ba su da abin zubawa a ciki. Tsofaffin shirye-shirye, waɗanda dama don tsohon talabijin aka yi su, wasu ma baƙi da fari ne, sun dace da ɗan ƙaramin kason da reshe ke samu. Weigel ya ga wannan giɓi, ya haɗa kai da kamfanin fina-finai na MGM, ranar 15 ga Disambar 2010 MeTV ta zama tashar ƙasa baki ɗaya, ana ɗora ta a rassan tashoshin wasu kamfanoni a birane daban-daban, ana raba lokacin talla tsakanin mai shiri da mai zango. Daga baya kamfanin ya maimaita dabarar da Heroes & Icons a 2014, da Start TV a 2018, da Story Television a 2022, da MeTV Toons a 2024. A Shikago kuwa an ɗora MeTV a reshen WCIU na 26.3 domin waɗanda ke nesa, inda kilowat 15 ba ya kaiwa, su ma su kama. Kai da ke cikin gari kana kama duka biyun.

Akwai wata ƙura da ta taso bayan haka. A gwanjon da FCC ta kammala a 2017, kamfanonin wayar salula sun biya kimanin dala biliyan 19.8 suka karɓi zangunan 38 zuwa 51, aka matse tashoshin talabijin zuwa ƙasa. Tashoshin rukunin A, irin su WWME, an tanadar musu wuri a sabon tsarin, amma sauran ƙananan tashoshi da ba su da wannan kariya sai da kowace ta nemi mafaka da kanta. Su ma an ba su wa'adin ƙarshe na kashe analog ranar 13 ga Yulin 2021. Idan kana da rediyo, murɗa zuwa mita 87.7 za ka ji MeTV FM, wadda aka fara a 2015. A takarda ba gidan rediyo ba ce, ƙaramar tashar talabijin ce ta lamba 6, wadda sautinta ya faɗo daf da farkon zangon FM har rediyo ke iya kama shi, kuma a 2023 hukumar ta amince wa 'yan tsirarun tashoshi irinta su ci gaba.

Duk da wannan nasara, ba zan ɓoye maka abin da ke damuna ba. An ƙirƙiro ƙananan tashoshi ne don unguwa ta ga kanta a talabijin, amma a yau da yawa daga cikinsu sun koma masu ba da hayar rassa ga tashoshin tallar kaya da na tsofaffin shirye-shirye da ake aikowa daga nesa ta tauraron ɗan adam, ba su da kyamara ko ɗaya a garin da suke. A tarihin lamba 23 ma, masu shirye-shiryen al'ummomin baƙi ne suka matsa gefe don MeTV ta sami wuri. Lambobi sun ƙaru a allon talabijin, amma shirin gida bai ƙaru daidai da su ba.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Dikodar FreeTV da muke amfani da ita tana kama tashoshi da yawa da eriya ɗaya. Shin irin tsarin da ake yi a Amurka ne, kuma mutum zai iya buɗe 'yar ƙaramar tasha ta garinsu? Daga wata mai karatu a Kaduna.

AMSA: Barka kadai, Malama. Na haɗa tambayarki da ta sama ne domin tushensu ɗaya, wato cusa hotuna da yawa a zango guda. Bambancin yana wurin fasaha da kuma mallaka. Najeriya ta ɗauki tsarin watsa talabijin na dijital mai suna DVB-T2, wanda ya fi na farkon Amurka ɗaukar kaya, kuma zangon UHF a nan megahaz 8 ne, saboda haka zango ɗaya yana iya ɗaukar tashoshi fiye da goma. An fara gwajin komawa dijital a Jos a watan Afrilun 2016, Abuja ta biyo baya a ƙarshen shekarar, Kaduna a Disambar 2017, Kano kuma a 2021.

A Amurka kowace tasha ita ke riƙe da zangonta da na'urar watsawarta, ita kuma ke yanke shawarar wanda za ta ba reshe. A tsarin da hukumar NBC, mai kula da kafafen watsa shirye-shirye, ta shimfiɗa a Najeriya an raba aikin gida biyu: akwai masu yin shirye-shirye, akwai kuma kamfanonin rarraba sigina, wato ITS da Pinnacle, waɗanda ke tattara tashoshi su watsa su tare daga turakunsu, wato dogayen ƙarafan da ake ɗora eriyar watsawa a kansu. Shi ya sa ba kya ganin ɗigo a lambobin dikodarki, domin babu tashar da take reshen wata. Dukansu fasinjoji ne a zangon mai rarrabawa. Don haka mai son buɗe tashar garinsu a wannan tsari ba turke da na'urar watsawa zai fara nema ba. Abin da ke gabansa shi ne lasisin shirye-shirye daga NBC, da yarjejeniya da mai rarraba sigina da ke aiki a jiharsa, da kuɗin da zai riƙa biya don a ɗauke shi, sannan da shirye-shiryen da za su cika masa awannin da ya yi alkawari.