Hoton Arizona da maganar "ba a je wata ba"

Tambaya: Ni malamin kimiyya ne. Ɗalibaina sun kawo mini hoton 'yan sama jannatin Apollo, shirin Amurka na zuwa wata, a wata ƙaramar mota cikin ramuka, ga itatuwa a bayansu, wai hujja ce ba a taɓa zuwa wata ba. Abin ya dame ni, me zan ce musu?

Amsa: Malam, hoton gaskiya ne, fassararsa ce ƙarya. Filin horo ne na Cinder Lake, kusa da Flagstaff a jihar Arizona. A 1967 masana duwatsu na USGS, hukumar binciken ƙasa ta Amurka, suka binne nakiya a tokar aman wuta, suka fasa ramuka bisa tsarin hoton da kumbon Lunar Orbiter ya ɗauko na wata. Motar kuwa ta horo ce, sunanta Grover, an ƙera ta a 1970.

Kayan aikin da suke koyon amfani da su don ɗibar duwatsun wata: guduma, awartaki mai dogon hannu don rigar sama jannati ba ta barin mutum ya sunkuya, shebur, manjagara, bututun ɗibar ƙasa, da jakunkuna masu lamba. Wanda ya fi muhimmanci shi ne ma'auni mai ƙafa uku, da sanda mai tsayuwa cak da allon launuka. Ana girka shi kusa da dutse a ɗau hoto kafin a taɓa dutsen. Wanda ya yi garajen ɗagawa ya ɓatar da bayanin yadda dutsen yake kwance, ba ya dawowa. Kamarar Hasselblad a ƙirji take, babu wurin leƙawa, dole a koyi saiti da jiki.

To, masu yaɗa wannan hoto a WhatsApp sun ishe ni. Ɓarawo yana raba hoton ɗakin da ya shirya sata? Hukumomin da suka yi horon su suka fitar da hotunan, da kwanan wata. Sojan da aka gani yana atisaye, ai ba a cewa bai je yaƙi ba. Kilo 382 na dutse da ƙasa 'yan Apollo suka kawo daga wata, masana a ƙasashe da dama sun bincika: babu alamar zaizayar ruwa, ga ƙananan ramukan da ƙurar sararin samaniya ta huda, wadda iskar duniyarmu ke tarewa. Tarayyar Sobiyet, abokiyar gaba, ta ɗebo nata da kumbon Luna 16 a 1970, kuma ba ta ƙaryata Amurka ba. Nuna wa ɗalibanka hotunan wuraren saukar Apollo da LRO, kumbon Amurka mai kewaya wata, ya fara ɗauka a 2009, sawun ƙafa da na taya suna nan.