Tambayi Likita: Sankara, Gado da Gwajin Ƙwayoyin Halitta

Likita, mahaifiyata ta rasu da sankarar mama tana da shekara 44, yanzu kuma an gano ta a jikin yayata. Ni ma tana jirana ke nan? (Wata mai karatu daga Zariya)

Allah Ya jiƙan Mama, Ya ba yayarki lafiya. Ba lallai ba ne, domin kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na sankara kawai ake gada. Sai dai mutum biyu a gida ɗaya, ɗaya ma ba ta kai 50 ba, ya isa a yi gwaji. Waɗanda aka fi nema su ne BRCA1 da BRCA2, ƙwayoyin gado da aka gano a 1994 da 1995, masu aikin gyara DNA, wato rubutun gadon da ke cikin ƙwayoyin jiki, idan ta tsinke. In uwa ko uba na ɗauke da mai lahani, kowane ɗa, mace ko namiji, rabi da rabi ne ya gada, shi ya sa muke tambayar dangin uba ma. Wani bincike da aka yi a Ibadan, aka wallafa a 2018, ya duba mata 1,136 masu wannan cuta, ya samu irin lahanin gadon a kashi 14.7 cikin 100.

Yayarki za a fara ɗibar jininta, ba ke ba. In an ga lahanin a wurinta, sai a duba wannan gurbin kaɗai a jininki, amsar ta fito fili. In ke kika riga ta aka ce ba komai, ba mu san ko babu ba ne a gidan ko gwajin ne bai kama ba. Wadda aka samu tana ɗauke da shi, ana fara mata hoton mama na MRI duk shekara daga shekara 25, a ƙara mamogiram, wato hoton X-ray na mama, daga 30.

An cire wa maiɗakina ƙullutu a mama. Asibitin da aka tura mu sun nemi ragowar tsokar, suka gwada, suka ce sakamakon bai fito ba. Me ya jawo? (Wani magidanci daga Gusau)

Malam, sau da yawa matsalar tun ɗakin tiyata take farawa. Tsokar da aka ciro tana bukatar shiga ruwan fomalin mai ƙarfin kashi 10 kafin awa ɗaya ta cika, ruwan ya ninka ta sau goma, ta zauna awa 6 zuwa 72. Babban ƙullutu kuwa sai an tsattsaga shi, in ba haka ba bayansa ya kamu, cikinsa ya ruɓe. Wanda aka miƙa wa dangi a roba ya kwana biyu a mota cikin zafi, ko ya yi makonni a fomalin, DNA ɗinsa ta gutsuttsure, alamomin da ake nema sun dushe.

Alamomin uku ne, sinadarai da ake dubawa a ƙwayoyin ƙullutun: ER, PR da HER2. ER da PR ke nuna ko maganin tamoxifen zai yi aiki, HER2 kuma ko maganin trastuzumab zai yi. A HER2, 3+ na nufin akwai, 0 da 1+ babu, 2+ kuwa sai an ƙara wani gwajin tabbatarwa da ake kira FISH. Ku tambaya ko akwai wani dunƙulen kakin da aka adana tsokar a ciki. In babu, likitanta ya duba ko da inda za a sake ɗiba da allura.

Wani mai tallan magani ya ce garin maganinsa yana "kunna ƙwayoyin gado masu kashe sankara". Akwai haka? (Daga Maraɗi)

Kimiyyar da ya jingina da ita gaskiya ce, garin ne ba hujja. Ana kiranta efijenetik: rubutun DNA bai sauya ba, amma wani sinadari, metil, yakan manne a farkon ƙwayar gado ya hana karanta ta, kamar shafin littafi da aka liƙe. Sankara takan rufe ƙwayoyin da ke taka mata birki ta wannan hanya. Akwai magungunan da ke ɓanɓare metil ɗin, azacitidine da decitabine, amma na wasu cututtukan ɓargo ne, a asibiti ake ba da su ana bibiyar jini. In kare kai kake so, guji gyaɗa da masara masu funfuna. Gubarsu, afalatoksin, tana lalata ainihin rubutun TP53, ɗaya daga cikin ƙwayoyin birkin nan, a hanta, in ta haɗu da ciwon hanta nau'in B kuwa haɗarin ya ninninka. Ka yi gwajin B ɗin.

Ni likita ne a babban asibitin ƙaramar hukuma. An kawo mini rahoton gwaji mai VUS a BRCA2, mu kuwa ba a koya mana wannan ba. Ina zan fara?

Abokin aiki, kada ka yanka kowa a kan VUS. Tsarin 2015 na ACMG, ƙungiyar likitocin ƙwayoyin gado ta Amurka, ya kasa sauye-sauyen DNA gida biyar, VUS shi ne na tsakiya: an ga sauyi, ba a san ko yana cutarwa ba. Ya fi fitowa a mutanenmu saboda yawancin bayanan da ake kwatantawa da su na Turawa ne, kuma galibin waɗanda aka sake dubawa daga baya marasa lahani ne. Ka bi tarihin dangi, zuriya uku, ka riƙa tuntuɓar ɗakin gwajin ko sun sauya hukunci.

Abin da za ka fara dubawa a kowane rahoto shi ne daga ina aka ɗibi samfurin. Na jini ko yawu yana magana a kan gado, na ƙullutu a kan cutar ce kawai, bai isa a tayar wa dangi hankali ba sai an tabbatar a jini. Tun da MDCN, hukumar likitocin Najeriya, na neman makin ƙarin ilimi kafin sabunta lasisi, ka karkatar da wani kaso zuwa wannan fanni. ClinVar da cBioPortal, rumbunan bayanan sauye-sauyen DNA, kyauta ne a intanet. Ka ɗauki rahoton da ke hannunka, ka shigar da sauyin a ClinVar harafi bayan harafi, ka ga ɗakunan gwaji nawa suka ruwaito shi da abin da kowanne ya ce.