Ina da NCE amma D7 na samu a lissafi: me digirin koyarwar firamare yake buƙata?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malama ce a wata firamaren gwamnati a jihar Katsina, shekarata shida ina koyarwa. Ina da NCE a Hausa da Addinin Musulunci, ina kuma son in yi digiri a fannin koyarwar firamare, sai dai D7 na samu a lissafin WAEC. Wata abokiyar aikina ta ce kada in damu, wai fannin ba ruwansa da lissafi, kuma babu mai sauƙinsa a jami'a. Don Allah a yi mini bayanin sharuɗɗan shiga, da kwasa-kwasan da zan yi, da shekarun da zai ci.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya sa wa aikinki albarka. Bari in fara da maganar abokiyar aikin taki, don ita ta fi tsaya mini a rai. Da kyakkyawar niyya ta faɗa, amma ba haka abin yake ba. Malamin sakandare darasinsa ɗaya, ya shiga ya yi minti arba'in ya fita. Malamin firamare kuwa, musamman daga aji ɗaya zuwa uku, shi ne uwa shi ne uba a ajin. Karatu nasa, lissafi nasa, kimiyya tasa, har rabon faɗa da share majina. Irin wannan malamin ake son digirin ya fitar, shi ya sa lissafi yake tsaye a bakin ƙofa, kuma idan kin shiga za ki tarar da shi a zaune yana jiranki.

Abin da jami'o'i suka saba nema shi ne kiredit biyar a WAEC ko NECO ko NABTEB, har da Turanci da lissafi, a zaman da bai wuce biyu ba. Kiredit daga C6 yake farawa, D7 ba kiredit ba ne. Na san a da kwalejoji da yawa suna ɗaukar ɗalibin Hausa ko Larabci ba tare da sun matsa kan wannan ba, wataƙila ta nan kika wuce. Ko kin ji an ce an sassauta wa 'yan fannin adabi, kada ki jingina da wannan, domin aikin da kike nema akwai koyar da lissafi a cikinsa. Ki yi rajistar jarrabawar 'yan waje da NECO da WAEC suke yi wajen ƙarshen shekara, ki ci lissafin, ki haɗa da tsohon sakamakonki. Idan wanda ke hannunki dama haɗin zama biyu ne, to ki zauna darussa da yawa yadda sabon zai maye gurbin ɗaya daga ciki.

Da yake kina da NCE, ba sai kin zauna jarrabawar UTME ba. Fom ɗin shiga kai tsaye za ki saya a JAMB, wanda ake kira DE, ki faɗa aji biyu, ki gama a shekara uku maimakon huɗu. Yawancin jami'o'i suna son sakamakon NCE ya kai matakin merit, wasu kuma sun fi son wanda ya yi PES, wato fannin ilimin firamare, tun daga kwaleji, wasu suna karɓar kowane haɗi. Kundin JAMB ya jera sharaɗin kowace jami'a, ki duba kafin ki zaɓa. Ki kuma nemi kwalejinku ta aika da cikakken sakamakonki da wuri, ki tabbata sunanki iri ɗaya ne a NIN da WAEC da takardar NCE. Na ga mata da yawa sun yi asarar shekara guda saboda wata takarda tana ɗauke da sunan mahaifi, wata da sunan miji.

A jami'a ana auna karatu da yunit. Hukumar kula da jami'o'i, NUC, ta ajiye aƙalla yunit 120 ga mai shekara huɗu, 90 ga mai shekara uku irinki, kuma kowane zango ɗalibi yakan ɗauki tsakanin 15 da 24. A manhajar da ta ƙaddamar a Disamban 2022, wadda ake kira CCMAS, ita ta tsara kashi 70 cikin 100 na kwasa-kwasan, ta bar wa kowace jami'a kashi 30. Don haka za ki ga ɗan bambanci tsakanin wannan jami'a da waccan, amma ƙashin bayan ɗaya ne.

Akwai kwasa-kwasan kowa da kowa, masu lambar GST da ENT: Turanci, al'ummun Najeriya da al'adunsu, falsafa da mandiƙi, zaman lafiya da sasanta rikici, da koyon sana'a. Ɗalibai sukan raina su, su kuma sukan rama ta hanyar kari-oba. Sai na tsangayar ilimi, masu lambar EDU, waɗanda kika ɗanɗana a NCE: tarihin ilimi da falsafarsa, halayyar ɗan Adam wajen koyo, tsara manhaja, auna fahimtar ɗalibi, da dabarun bincike.

Zuciyar digirin tana cikin kwasa-kwasan sashenku. Nan za ki karanci yadda yaro yake girma daga shekara shida zuwa sha ɗaya, abin da ƙwaƙwalwarsa za ta ɗauka da wanda bai kai ba tukuna. Za ki yi dabarun koyar da karatu da rubutu, da lissafi, da kimiyya, da zamantakewa, da zane da waƙa da wasanni, da kula da yara masu buƙata ta musamman, da tafiyar da makaranta. Ki lura, ba lissafin injiniya za a ba ki ba. Abin da za a nema a wurinki ya fi wannan dabara: ki fahimci dalilin abin da kika haddace tun kina yarinya. Kowa ya iya cire 18 daga 42 da "aro ɗaya". Amma me aka aro, daga wa, kuma me ya sa ɗayan ya koma goma? Malamin da ya ɗaure karare goma-goma, ya kwance ɗauri ɗaya a gaban yara su gani da idonsu, ya gama da wannan darasin har abada. Wanda bai san dalilin ba, sai dai ya ɗaga murya da bulala.

Na taɓa zuwa duba wani ɗalibina, malami ne da ya shekara goma a aji kafin ya zo digiri. Yaransa suna rera jadawalin sau biyu kamar waƙar biki, har makwabta suna ji. Na ɗebo tsakuwa shida na ba wata yarinya, na ce ta raba wa mutum biyu daidai. Ta tsaya tana kallon malaminta. Ba laifinta ba ne, shi ma kuma haka aka koya masa.

A ɓangaren karatu kuwa, Hausar da kika yi a NCE jari ce. Yaron da ya zo daga gida da Hausa a bakinsa, ya fi saurin gane cewa baƙi da wasali suna haɗuwa su ba da ba, bi, bu idan kalmar da ta fito ya san ta. Idan ya iya haɗa gaɓoɓi a harshensa, ƙetarawa zuwa Turanci ba ta zama hawan dutse. A kan wannan tunanin aka gina shirin RANA na koyar da yara karatu da lissafi da aka gudanar a makarantun Katsina da Zamfara, mai yiwuwa ma kin halarci bitarsa.

Sai koyarwar gwaji, wato TP. Sau biyu ake fita, a aji uku da aji huɗu, kowanne wajen mako shida, kuma ba a ba da digiri sai an ci ta. Kada shekara shidan da kika yi ta sa ki sakankance. Tsofaffin hannu ne suka fi ba mu wahala, domin sun daina rubuta tsarin darasi, sun saba da "ku maimaita bayana". Mai dubawa zai karɓi littafin tsarin darasinki, ya ga kayan koyarwar da kika haɗa, ya zauna a bayan aji ya ga ko 'yan layin baya suna tare da ke, ko da 'yan gaba uku kawai kike magana.

A shekarar ƙarshe akwai furojet, wato aikin bincike, a nan ma sai kin fitar da kaso cikin ɗari da matsakaici daga bayanan da kika tattaro. Ki zaɓi matsalar da kika gani da idonki, misali yaran aji huɗu da ba su iya karanta sunansu ba, kada ki je shagon kwamfuta a sauya wa tsohon aiki bango. Darajar digiri kuma daga matsakaicin maki take fitowa: 4.50 zuwa 5.00 daraja ta ɗaya, 3.50 zuwa 4.49 ta biyu babba, 2.40 zuwa 3.49 ta biyu ƙarama. Mai DE ba ta da makin aji ɗaya da zai rufa mata asiri, zangonki na farko ma yana cikin lissafi.

Idan barin aiki da gida zai yi wuya, akwai karatun dogon hutu da wasu jami'o'i da kwalejojin da ke ƙarƙashinsu suke yi wa malamai, akwai kuma jami'ar karatu daga gida, NOUN, wadda take da digirin ilimin firamare. Sukan ɗauki lokaci fiye da shekara uku, kuma ba a tura masu karatun wucin gadi bautar ƙasa, takarda ake ba su a madadinta. Bayan kin gama sai ki sabunta rajistarki da hukumar rajistar malamai, TRCN, ki tashi daga rukunin D na masu NCE zuwa C na masu digiri.

Ko wacce hanya kika bi, kafin ki biya kuɗin makaranta ki rubuta takardar neman izinin karatu ta hannun hedimasta, zuwa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, zuwa hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB. Ki jira amsa a rubuce, ki yi kwafi biyu ki adana, don ita za a fara tambayarki ranar da kika kai digirin neman gyaran matakin albashi.